Jakar Tsohon Wando

A layin ganin likita, wani dattijo mai gemu fari fat na zaune kusa da ni, ya rungume jaka kamar jariri. Da tsohon wando aka ɗinka ta, aljihun baya ma yana nan, a ciki yake soke tabarau. Zaren kala biyu ne, da alama na farkon ƙarewa ya yi. Ina jin wata jikarsa ce ta koyi keke a kanta.

Ma'aikaciyar jinya ta tsaya. "Baba, ina ka samo wannan jaka?"

Ya ɗaga ta sama, ya juya ta gaba da baya. "Ɗinkin gida ne, 'yata!" Kai ka ce sunan wani babban kamfani ya ambata.

Ni kuwa in zan ce abu na gida ne, ciki-ciki nake faɗa, kamar mai ba da haƙuri. Rigar jikina ma matata ce ta ɗinka tsaf, amma sai da na sa ta maƙala mata tambarin tsohuwar rigar kanti a wuya, inda ba mai gani. Tun safe yake cizon ƙeyata, ni da girmana ina ta susa.