Maɓallin da Yaya Nafi'u Ya Mayar Hagu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Nafi'u, malamin kwamfuta a wata sakandare a Gwarzo. Har yau in na shiga zauren mahaifinmu a Garo, tsohuwar kwamfutarsa ce ke fara tarbata.

Lokacin da idon Baba ya raunana, littattafan da yake karantarwa suka gagare shi, Yaya ya ce zai haɗa masa manhaja mai nuno shafi da manyan baƙaƙe, wadda ba ta bukatar intanet, tunda sabis a wajenmu sai ya ga dama. Bai taɓa haɗa irinta ba. Ya samo kayan aikin masu manhaja, masu zuwa da taga da maɓallai a shirye, ya duƙufa. Ranar da tagarsa ta farko ta buɗe a fuskar kwamfutar, maɓalli ɗaya tal ne a ciki, amma ya tara mu kallo kamar an yi masa haihuwa. Na yi masa tsiya, ya ce da rarrafe yaro kan tashi.

Da ya kai wa Baba, sai karatu ya yi ta komawa baya. Yaya ya bar maɓallin gaba a dama. Baba kuwa, mai littafin Larabci tun ƙuruciya, hagu hannunsa ke nufa.

"Nafi'u, na'urar nan taka da baya take tafiya."

"Ba ta yi makarantar allo ba, Baba. Bari in koya mata."

Ya mayar da maɓallin hagu, ya kuma naɗi muryarsa tana faɗin sunan kowane babi.

Yau komai ya koma waya, kuma na san da yana nan da ya tambaya ko masu haɗa manhajojin sun taɓa zama kusa da tsoho. Ni damuwata daban. Kwamfutar ta fara mutuwa tana farfaɗowa, sabuwar da muka samo kuma ta ƙi karɓar aikinsa. Shi ya sa ni mai tsiyar nan na zauna koyon haɗa manhaja don in sake gina ta. Makon jiya tawa tagar ta buɗe, da maɓalli ɗaya, na rasa wanda zan kira, na yi kuka.

Dole in gama, domin idon Baba ya tafi gaba ɗaya, amma kullum da safe yana laluben hagu ya danna. Muryar ta ce, "Babin alwala, Baba." Shi kuma ya amsa, "Allah ya jiƙanka, Nafi'u," sannan ya sake dannawa.