Igiyar tunina da gashin takarkari

Shekarun baya can, zamanin soja, bayan babban farin da ya share dabbobin Damargu, na yi wata dabara wadda har yau in na tuna ta sai in ce da kaina: kai dai wawa ne mai ƙoƙari. Wawa malalaci ɓarnarsa kaɗan ce. Mai ƙoƙarin shi ne abin tsoro.

Lakwal, wato makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba. Mushe, malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu. Ɗan rubutun nan da kuke gani da furfura na koye shi. Ga ni kuma da mantuwa kamar kaza. Ina da jaki, ina zuwa kasuwar Tanut daga ƙauyenmu na wajen Gangara, duk mai saƙo ni yake ɗora wa. Wannan ta ce allura, wancan ya ce garin taba. In na isa tsakiyar kasuwa sai in tsaya kamar an dasa ni, kaina fayau.

Sai na tufka wata igiyar kaba, kowane saƙo in yi masa ƙulli. Kasuwar farko na zaro ta, ga ƙulli reras, amma duk kamarsu ɗaya. Na san an aike ni, ban san na mene ne ba. To, sai na ƙara gyara. Saƙon matata in ƙulla da zare daga bakin zanenta. Na kanwa in ɗaure ɗan gutsuren kanwa a ciki. In wani tunani ya faɗo mini a gona, kamar in ɗaga rumbu saboda gara, sai in sa tsinken kara. Kuma don abin ya zauna mini a ka, in ina ƙullawa sai in kawo igiyar kusa da baki in raɗa mata saƙon. Ni a ganina na fi mushe ilimi.

Ina da aboki, katangarmu ɗaya, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Fari ya bar masa takarkari ɗaya tak, da shi yake jan ruwa, da shi yake kai hatsi kasuwa. Wata safiya a bakin rijiya ya ce mini, "Kai, sarkin mantuwa, san nan ya daina cin abinci. In ka je Tanut sayo mini gishirin Balma ya lasa."

Na ce, "An gama." Yana juya baya na zaro wuƙa, na yanki ɗan gashi a wutsiyar san, na ƙulla a igiya, na yi mata raɗa. Mata na jan ruwa, na ga sun yi tsit, na ɗauka kwarjinina ne.

Daga ranar abubuwa suka soma canjawa. In na iso gindin bishiyar da muke hira, sai zance ya mutu. Wata tsohuwa da ta saba aike na goro ta hango ni ta ja jikanta ciki. Abokina kuwa gaisuwarsa ta koma ta baƙo, "lafiya" ɗaya ya wuce. Na ce a raina ko wani ya kai sunana wajen jandarma ne, don lokacin kowa tsoron kowa yake.

Sannan igiyar kanta ta soma ba ni mamaki. In kwanta da ƙulli, in tashi in tarar an kwance wasu. Na zargi ɓera, amma ɓera ci yake, ba ya kwancewa. Na zargi mai shagon ƙauyenmu, don saƙon da nake sayo wa mutane yana rage masa ciniki. Sai na shiga ɓoye ta, yau cikin rufin ɗaki, gobe ƙarƙashin akumarin jaki, ina waige-waige. Ku duba fa: mutumin da ake zargi da sammu, ga shi yana laɓe-laɓe da igiya mai gashin dabbar mutane.

Ranar kasuwa na je Tanut, na bi ƙullin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, na sayo komai. Ƙullin gashin san babu shi, an kwance. Gishiri bai ko gifta mini a rai ba. Na dawo da yamma ina waƙa a kan jaki, na tarar san abokina ya kwanta, an sa masa wuƙa don kada ya zama mushe.

Washegari bayan sallar asuba liman ya ce kada kowa ya tashi. Abokina ya miƙe ya ce, "Malam, a tambaye shi abin da na yi masa. An gan shi ya yanki gashin sana ya yi tofi. Na ce ya sayo gishiri don a gwada, ya ƙi."

Liman ya ce in kawo igiyar. Na kawo, ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Ya ce, "To, faɗa mana, wannan jan zaren na wane ne?"

Na ce, "Na matata ne, Malam. Tukunya take so."

"Wannan farin gashin fa?"

Shi kuwa daga buzun sallar liman na tsige shi. Na ce, "Allah gafarta Malam, naka ne. Ka ce in tambayo maka kuɗin tabarau."

Wani a baya ya fashe da dariya, sahu ya ɗauka. Ana cikin haka sai ga muryar matata daga bayan zana, ashe ta biyo ni. Ta ce, "Malam, ni nake kwance su. Matan rijiya suka ce maigidana ya shiga tsafi. In ya yi barci sai in karanta Falaƙi da Nasi in kwance wanda na fi jin tsoro. Na gashin san na fara kwancewa, don in ceci dabbar bawan Allah."

Liman ya riƙe haɓa ya ce, "Ke kin kwance don ki cece shi, shi ya ƙulla don ya cece shi, sa kuma ya tafi." Ya ce in ƙone igiyar, in kuma ina da abin raɗawa in raɗa wa matata, ita ba ta mantuwa.

Yanzu ina ganin 'yan zamani suna danna tunaninsu a waya, wannan da ja, wancan da shuɗi, kowa da irin tsarinsa. Ba na yi musu dariya, na riga su. Abin da nake gaya musu shi ne, dabarar da kai kaɗai ka san ma'anarta, maƙwabta za su ba ta tasu ma'anar. Ko gishirin zai tashi san, Allah ne masani.

Ni da abokina mun shirya. Na ba shi jakina yana jan ruwa har ya sami wata dabbar, muka koma cin tuwo a akushi ɗaya har ya rasu. Amma akwai wata rana, muna dawowa daga gona, ba ma zancen ake ba, ya tsaya yana cire ƙaya a ƙafa, bai ko dube ni ba ya ce:

"Na yarda ba sammu ka yi ba. Amma ni da aka yi mana kaciya tare, ashe sai ka ɗaure ni a igiya kafin ka tuna da ni?"