Sharbot na Kwana Uku

Ranar uku ga Sallar Layya, shekarar da na fara toya kisra, siririyar wainar dawa, da hannuna, ina tsugune bayan ɗakin girki ina wanke hanjin rago sai na ji muryar Inna ta tashi. A ƙauyenmu na kusa da Makwar ba gidan da ba a jiƙa sharbot da Sallah: dabino da citta da kirfa a cikin randa, a sha bayan nama don ya sauka. Mu yara ma ana ba mu. Amma Inna tana ƙirga masa kwana, don in ya kai uku bugarwa yake yi. "Kwana biyu abin sha ne, na uku na ƙasa ne," haka take cewa, kuma da hannunta take tuntsure randar a gindin dalbejiya.

A wannan shekarar Kawu Isa, ƙanen Baba, ya riƙe bakin randar. Ya ce yayana Haruna ya kai sha biyar, shi ke ba gonar audugarmu ruwa, gara ya ɗanɗana mai ƙarfin a gaban manya da ya je ya koyo a wurin 'yan ci-rani. Inna ta ce, "Isa, in uba ya miƙa, wa zai hana?" Baba ya ɗauki moɗa ya cika ya ba Haruna.

Ba abin da ya faru ranar. Haruna ya yi ta dariya, ya shigo mana gaɗa yana tafi kamar mace, muka yi ta tsokanarsa. Abin da na gani daga baya ne, don ni mai ido ce tun ina ƙarama. Da lokacin tsinkar auduga ya zo ya fara ɓacewa da azahar, ya dawo yana tauna ɓawon lemo don kada a ji warin bakinsa. Ranar da Baba ya ɗaga masa sanda, Haruna bai gudu ba, ya ce, "Baba, ai kai ka fara ba ni." Sandar ta sauka ƙasa, ba ta sake tashi ba.

Yanzu jikokina na birni suna gardama a gabana da Larabci, wai akwai shekarun da ya kamata a jira kafin yaro ya sha, wai a gida ya fi aminci. Ni ban yi boko ba, ban san lissafin shekarunsu ba. Haruna na sani, mai iyo ya haye kogin Dindir da damina. Yana nan a garin Madani da ransa. In na je gaishe shi, ni nake riƙe masa kofin shayi.