Injin Shara da Sawun Matafiyi

Shekarun baya, lokacin da ciwon baya ya fara matsa wa mahaifiyata, na shiga wani irin mafarki da ido biyu wanda har yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya. Mata suna mafarkin gwal da Umara, ni kuwa baiwar Allah injin shara ne ya hana ni sakat.

Maganar likita ce ta jawo. Mun kai ta asibiti a Kano, ya ɗaga hoton bayanta ya duba, ya ce in ba ta daina sunkuyo da guntuwar tsintsiya ba, nan gaba kaɗan sallah ma sai dai a zaune. Ina kallon fuskarta sanda ya faɗa. Ciwon bai taɓa ba ta tsoro ba, amma wannan maganar ta shige ta, don mace ce mai son tsayuwarta a sallah, ta yi ruku'u ta ɗago da ƙarfinta. Muka mayar da ita gida, garinmu Ƙofa, washegari da sassafe ta ɗauki tsintsiyarta kamar ba da ita aka yi ba.

Babu dabarar da ba mu yi ba. An sayo mai dogon mariƙi, ta ce wannan shafa ce ba shara ba, ta mayar da ita abin kaɗe yanar gizo. Matar ƙanina ta ce za ta ɗauke mata, Umma ta yi godiya ta sa albarka, amma kafin yarinyar ta fito daga ɗaki ita ta gama. Ƙannena maza sun riga sun sa mata tayil a ɗaki da falo da barandar da ta miƙe zuwa bakin zaure, wai don aiki ya ragu. Sai ma ya ƙaru, don tayil ba ya rufa wa kowa asiri, ga jar ƙasar garinmu in damina ta zauna.

Ana cikin haka na je gidan wata ƙawata barka. Muna zaune a falo sai ga wani abu zagayayye kamar faifai ya sulalo daga ƙarƙashin kujera, yana 'yar ƙara a hankali. Na naɗe ƙafafuna a kan kujera ba shiri. Ƙawata ta yi ta dariya, ta ce injin shara ne, shi yake share gidan ya goge, in ya gaji ya koma mazauninsa ya yi caji da kansa. Wallahi ban ƙara jin hirar da ake yi ba. Ina kallonsa yana bin gefen bango, ni kuwa barandar Umma nake gani.

Ta kwatanta mini shagon, na je. Mai shagon ya fito mini da manya guda biyu, ya ce duk Kano ba wanda ya fi su. Farin yana shara, yana goge-goge da ruwa, ya koma gidansa ya juye sharar, ya wanke tsummansa ya busar, har magana yake yi da muryar wata mace mai sanyi. Baƙin ba shi da wannan iyayin. Shara yake yi da ƙarfi, ya bi da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, kai za ka juye masa ciki. Ni dai tun a kallon farko farin ya tafi da ni, amma baƙin ya fi gajarta, zai shiga ƙarƙashin gado inda kwallayen Umma suke jere.

Makonni na yi ina wannan lilon. A cikin adaidaita sahu ina tunani, a ofis ina tunani, ina tuƙa tuwo ina tunani. Sai in ga Umma zaune a kan darduma da carbinta, hasken hantsi ya kwanta a kan tayil, hayaƙin turaren wuta yana tashi siriri, farin yana yawo a gabanta kamar agwagwa a kan ruwa, bayanta a miƙe. Wani lokacin baƙin ne a mafarkin, yana fitowa daga ƙarƙashin gado da 'yar yana a ka. Maigidana ya gaji, ya ce, "Ke kam in kin gama zaɓar wa injinan nan miji, a tuna da mu da abinci." Na ce ya yi haƙuri, maganar manya ake yi.

Mai shagon ne ya ce kafin in yanke shawara in je in dubo gidan: tsayin dokin ƙofa, ƙarƙashin gado, da ko solar gidan za ta riƙe caji. Na hau mota na tafi Ƙofa. Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsayi, hanya duk kore shar har ido ya gaji. Na gwada abin da zan gwada, na nuna wa Umma hotunan a waya. Ta kalla ta ce, "Allah mai iko," ta miƙo mini wayata.

Washegari bayan asuba autanmu ya shigo sallama. Shi fataucin hatsi yake yi, ranar zai bi motar masara zuwa Kudu. An yi ruwa, tsakar gida ya jiƙe. Ya cire takalmi a bakin baranda, ya tako da danshin ƙafarsa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta yi masa addu'a, ya miƙe ya tafi. Ya bar jan sawu a kan tayil, yatsu biyar ras.

Umma ta ɗauki tsintsiya. Na ce ta ba ni, ta ƙi. Na zauna ina kallonta tana sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu, raina duk ba daɗi. Ta share ko'ina tas, amma da ta zo bakin ƙofarta sai ta kewaye, ta bar sawun nan na farko da ya yi sanda ya miƙe. Na ɗauka ciwon ne ya sa ta tsallake. Na jiƙo tsumma na durƙusa zan goge, sai na ji ta riƙe mini hannu.

"Bar shi," ta ce. "Bai sauka ba tukuna."

Na ɗago na dube ta. Ta ce in matafiyi ya fita, ba ta share takunsa na farko sai ta ji ya isa inda za shi.

Na ce, "Umma, ai wannan camfi ne."

Ta ce, "Na sani tsarewa ta Allah ce. Ban ce sawu yana riƙe mota a kan titi ba. Haka na ga uwata tana yi, ni kuma hannuna ba ya iya bi ta kai, shi ke nan. Matar ƙaninki yarinyar kirki ce, amma in ta zo ita ƙasa za ta gani, ta share. Kuma ba zan tsaya ina yi wa suruka bayani ta ɗauka na fara ruɗewa ba." Ta nuna wayata da haɓa. "Shi wannan abin naki, ya san wanda ya tafi?"

Duk tsawon lokacin nan muna cewa taurin kai ne, ashe abin da ya hana ta sakin tsintsiya ke nan. Kuma ban taɓa gani ba, don ni tun ina ƙarama kullum ni ce mai tafiya, ba a taɓa tafiya an bar ni a gidan da safe ba.

Ni ce 'yar fari. Umma ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni ido cikin ido, haka aka tashe ta. Amma ranar sai na ji bakina ya ce, "Har da ni?"

Ba ta kalle ni ba. Ta juya tana watsa wa kaji tsaba, kamar da su take magana. "Akwai wata da aka kai makarantar kwana, lokacin ba waya, ba wannan tayil ɗin. Da damina ne. Ƙwarya aka kifa a kan sawunta saboda ruwa da kaji, har sai da direban motar kasuwa ya dawo ya ce ya sauke ta a bakin makarantar."

Na shige ɗaki na yi kukana a hankali, don in ta gani kunya za ta ji.

Da na koma shagon tambaya ɗaya na je da ita: wanne za a iya ce wa kada ya taka wani wuri? Mai shagon ya ce duka biyun. Farin a waya ake yi masa, yana zana taswirar gida, kai kuma ka ja layi da yatsa, amma sai da babbar waya da intanet a gidan. Wayar Umma 'yar ƙarama ce mai tocila. Baƙin kuwa yana zuwa da wani baƙin bel mai maganaɗisu, a shimfiɗa a ƙasa, in ya zo wurin ba ya tsallakawa. Na ce a ɗaure mini baƙin. Mai shagon ya yi ta lallashi, wai farin ne na manyan mata, wai zan yi da-na-sani. Na shafa farin sau ɗaya, na yi masa sallama a zuciyata, don gaskiya na so shi.

Da na kai, Umma ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana kallo, ta ce wannan ai kunkuru ne. Na yanka bel ɗin na kewaye bakin ƙofarta, na nuna mata ko da ƙafa za ta iya tura shi, ba sai ta sunkuya ba. Na danna. Ya taho yana shara, ya zo daidai bel ɗin ya tsaya, ya ɗan yi jim, ya juya ya kama wata hanya. Ta sa na maimaita. Ya sake juyawa.

"Ashe yana da ta ido," ta ce.

Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Da safe na durƙusa ta yi mini addu'a, na fito, tsintsiyarta tana jingine a inda take kullum. Duk hanya ina kallon gonaki suna wucewa, ban san ko na yi nasara ba ko na sayo wa kaji abin kallo ne.

Ina shiga gida na kira ta. Na ce, "Umma, na sauka."

Ta ce alhamdu lillahi. Ba ta kashe wayar ba. Na ji ƙarar abu ana jansa a kan tayil da ƙafa, sannan muryarta can nesa da waya tana cewa, "To kai, an sauka. Wuce." Sai 'yar ƙarar nan ta tashi a hankali.

Har yau Umma a tsaye take sallarta. Takan ɗan daɗe kafin ta ɗago daga ruku'u, amma da kanta take ɗagowa. Kunkuru ya tsufa, an canja masa batir, gefensa duk ya kuje, yana nan yana fama. Abin da na riƙe daga wannan shi ne, in tsoho ya ƙi sakin wani aiki, kafin ka sayo masa abin da zai maye gurbinsa, ka je ka kwana, ka tashi da safe ka ga yadda yake yinsa. Ni kuwa yanzu duk sanda zan bar gidan, sai na faki idonta na ɗan taka ƙasa mai danshi, in na miƙe daga gabanta in danna ƙafata sosai a kan tayil, don kada ta sha wahalar nema.