Injin Cingam na Lesieli da Ranar Lahadi

Duk wanda ya taso a Pangai a zamaninmu ya san Lesieli da saƙar tabarma. Tun a makarantar mishan hannunta ya fi na kowa kyau, kuma da wannan saƙar ta ciyar da 'ya'yanta bayan da teku ta tafi da mijinta mai suna Maka. Da shekaru suka ja, idonta ya fara hazo, har ta kai ba ta iya tsaga ganyen saƙa siriri yadda take so.

Ƙanenta da ke aiki a Auckland ne ya aiko mata da injin cingam ta jirgin ruwa. Jan ƙarfe ne daga ƙasa, tulun gilashi daga sama, cike da cingam kala-kala kamar ƙwan tsuntsu. Mutum ya jefa tsabar kuɗi ta seniti ashirin, ya murɗa, ɗaya ya gangaro. "Yaya, wannan sana'ar ba ta neman ido," in ji shi a waya. Lesieli ta ji daɗi ƙwarai, domin ba ta son ta zama tsohuwar da ke zaman jiran abin da 'ya'ya za su aiko.

Saboda tsoron guguwa, ta sa magini ya dasa ƙafar injin cikin siminti a barandarta, wadda ke kallon ƙofar majami'a. Ta yi tunanin iska, ta yi tunanin rana, ta yi tunanin tururuwa. Lahadi kaɗai ta manta.

A tsibirinmu ba a saye ba a sayarwa ranar Lahadi. Kanti a rufe, kwalekwale a kife, ko wanki ba a shanyawa. Shi kuwa inji bai taɓa shiga ajin Littafi ba. Lahadin farko, yaran da iyayensu suka ba kuɗin baikon majami'a suka bi ta barandar kafin a kaɗa ƙararrawa. Da suka miƙe rera waƙa, suka buɗe baki, sai ga harsuna shuɗi, kore da ja a jere gaban jama'a.

Washegari Taniela ya zo. Shi ne dattijon da ke kula da majami'a, kuma benci ɗaya suka zauna da Lesieli suna yara.

"Ke Lesieli, tsufa ne ya sa kika buɗe kasuwa ranar Ubangiji?"

"Ni ina layi na biyu ina waƙa. Ka gan ni da idonka, in dai naka bai bi nawa ba."

"Ke kina waƙa, yaronki na ƙarfe yana ciniki. Dattawa sun ce a shigar da shi ɗaki ran Lahadi, ko a tumɓuke shi gaba ɗaya."

"To ɗauka ka shigar min. Ai da can kai ne gwanin kokawa."

Taniela ya rungumi injin ya jijjiga, ko motsi bai yi ba. Ya saki yana haki. "Lahadi mai zuwa zan zo da fasto. In muka same shi yana aiki, guduma ce za ta yi magana."

Lesieli ta san ba wasa yake ba. In aka fasa simintin, ƙafar injin za ta lalace, kuma ba ta da bakin sake roƙon ƙanenta. Ta gwada cusa tsumma a bakin kuɗin, yara suka zare da tsinke. Ta rufa masa buhun shinkafa, iska ta kwashe shi zuwa gonar rogon maƙwabta.

Ran Asabar da yamma ta buɗe akwatinta. A ƙasa akwai tabarmar ɗaura wa ƙugu da ta saƙa wa Maka lokacin idonta na da ƙarfi, wadda yake sawa zuwa majami'a kamar sauran mazan tsibirin. Ta shafa ta, ta daɗe tana riƙe da ita. Sannan ta fita, ta naɗe injin da ita daga wuya zuwa ƙasa, ta ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa, irin ɗaurin da take yi wa mijinta.

Da safe yara suka rugo, suka yi turus. Babu ɗan tsibirin nan da zai kai hannu ya kwance tabarmar da aka ɗaura wa wani. Suka wuce majami'a da kuɗinsu a hannu.

Fasto ya iso da Taniela. Ya zagaya injin, ya duba ƙullin igiyar, ya danne dariya.

"Inna Lesieli, wane ne wannan?"

"Sabon tuba ne, ranka ya daɗe. Yau yana hutu."

"Ya fi wasu dattawana iya shiga," in ji fasto, yana kallon tabarmar Taniela da ta karkace.

Taniela ya gyara ɗaurinsa yana ƙunƙuni. Ya gane tabarmar Maka ce, domin shi ne ya tsaya masa ranar aure. Bai ƙara ambaton guduma ba.

A wannan sujadar Lesieli ta juye kuɗin Lahadin farko cikin kwanon baiko, tun da can ne aka aiko su. Ran Litinin da sassafe ta kwance tabarmar, ta ninke. Mai saye na farko Taniela ne. Ya jefa kuɗinsa, ya murɗa, shuɗi ya faɗo masa.

"Da wane haƙorin za ka tauna?" ta tambaye shi.

"Tsotsa zan yi," ya ce, ya jefa a baki.