Kasuwar Salaga Ba Ta San Asabar Ba

Wautar da na tafka a Fom Tu, wato aji biyu na sakandare, har yau in na tuna sai kunnena ya ɗau zafi. Ticha yana kiran suna, ni kuwa na kifa kai a tebur ina barcin da ko ganga ba za ta tashe ni ba. Yana cewa "Awudu!" na miƙe zumbur na kwarma ihu: "Yendi! Yendi! Bawku, saura mutum ɗaya!" Ajin ya kece da dariyar da na tabbata an ji ta har Tamale. Kafin in isa gida labarin ya riga ni, har ya ci tuwo ya wanke hannu.

Kawu Isifu ne ya ja mini, ƙanen mamata, direban lorin doya. Shi ya ce in riƙa bin sa a matsayin meti, wato yaron mota, in jera doya, in kira fasinja, in sa katako a bayan taya. "Asabar da Lahadi kawai," in ji shi. Abin da ban yi tunani ba, kasuwarmu ta Salaga ba ta da rana tsayayya. Wannan makon ta faɗo Asabar, na gaba Juma'a, na gaba Alhamis, haka take ja da baya har ta shigo tsakiyar karatu. Lori kuwa kasuwa yake bi. Ni ma tun da na ɗanɗana soyayyen zabo a tashar Bawku, ƙafata ta daina gane hanyar makaranta. Ga jarrabawar canjin aji ta matso.

Kakarmu Mma Lariba ita ke ba mu tatsuniya bayan sallar isha. Takan zauna bakin murhu tana gasa mana karyayyar doyar da Kawu ke kawowa, tana kankare baƙin da wuƙa, mu kuma mun kewaye ta kamar kaji. Muryarta a irin wannan lokaci taushi gare ta, amma ranar da na yi wannan wautar ba ta da shi. Ta ƙi ba ni doya. Kawu yana gefe kan benci yana shan kunu, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ga ta nan," ta ce, "mai barci ya tashi ya ji."

Wai a da, jaki da doki uwarsu ɗaya, kunnensu ma daidai yake. Aka kai su wajen barewa su koyi gudu. Wata rana wata mai saida gishiri ta tare jaki ta ce, ɗan samari, kai mini wannan bakin rafi, yau kaɗai, ga dusa. Jaki ya ci dusa, ya ji abin da bai taɓa ji ba. Gobe ga mai itace, jibi ga mai tukwane, kowa ya ji labarin akwai gadon bayan da ba ya cewa a'a. Yana zuwa wajen barewa sai gyangyaɗi, ita kuma ta yi ta jan kunnensa har ya kai yadda kuke gani. Ranar gwaji aka jera su, aka ce su tashi. Doki ya tashi. Jaki ma ya ɗaga ƙafa, sai wani daga cikin 'yan kallo ya ajiye buhu a ƙasa. Jaki ya tsaya cak, ya juyo, ya miƙa baya.

Kawu ya dire kwano. "To Mma, shi dokin nan, ciyawar da yake ci wa ke ɗauko masa? Ba jakin ba?"

"Rufe mini baki, Isifu."

"Ni gaskiya na faɗa. Doyar da ke hannunki ma ticha ne ya kawo? Yaro ya koyi sana'a, mene ne laifi?"

Mma ta nuna shi da wuƙa. "Da wannan zancen aka sace min kai. Kana aji nawa aka ce hutu kawai? Hutun nan har yau bai ƙare ba, ga furfura a gemunka. Ka je ka ɗauki ɗan wani, ka bar mini jikana."

Ni da bakina ba ya zama shiru na ce, "Mma, ai jakin ya ga gari. Doki ya taɓa zuwa Bawku?"

"Zo nan in gwada kunnenka, ja'iri." Na ruga bayan randa. Yara suka yi ta birgima, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta tura doyar gefe ta ce tatsuniya ta ƙare, kowa ya tashi.

A lokacin na ɗauka faɗan tsofaffi ne. Sai daga baya na gane Mma ba aiki take ƙi ba, macen da ta sa mu ɗebo ruwa har wuyanmu ya nemi shigewa ciki. Abin da ta tsana shi ne aikin da ke shigowa da sallama yana cewa ɗan kaɗan ne. Babban mutum in ya ga yaro mai ƙarfi da araha, ba ya tambayar ko gobe akwai jarrabawa, kuma yaron da bakinsa ke maiƙo ba zai tuna masa ba. Kawu ma ba ƙarya ya yi ba, doyarsa muke ci. Sai dai gadon bayan da ya ɗauki kayan, nawa ne.

Ban ji maganarta ba. Makon jarrabawa kasuwa ta faɗo Talata, lori ya lalace mana bayan Yendi, muka kwana a hanya, na rasa jarrabawar lissafi da ta Turanci. Aka ce in maimaita Fom Tu. Mma ta je tasha da kanta ta zazzage Kawu a gaban fasinjoji, shi kuma kafin kasuwa ta zagayo ya ɗauki wani yaro. Shekarar nan duka benci ɗaya na zauna da ƙanwata Rabi, kuma ita ta zo ta uku.