Ramin da Aka Cike a Hanyar Safana

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Batsari, ni da taubashina, ɗan kawuna, a tsohuwar motar katakon da yake ja. Ni malamin makaranta ne, ba ni da buhu ko ɗaya a Safana. Matarsa ce ta haɗa ni da tafiyar. Lasinsa na tuƙi ya ƙare tun watannin baya, mai motar kuma ya ce ko ya kawo sabo kafin ƙarshen wata, ko ya kawo makulli. Shekara talatin yana jan babbar mota, da ita yake ciyar da gidansa, amma ya kafe ba zai je Katsina ya sabunta ba.

"Malam, kai kaɗai ke faɗa mashi magana bai yi fushi ba," in ji ta. "Ka bi shi ka gano mani mi ke ƙasa."

Ba mu bar gari ba na taɓo zancen, ya ba ni amsar da yake ba kowa. "Kai bawa, ni da ban taɓa ƙetare jiha ba? Daga Batsari sai Safana, daga Safana sai Batsari. Lasin na masu tahiya Legas ne." Tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a raba gardamar ba.

A Karare muka yi lodin gero da gyaɗa. Kaka ta yi kyau bana, dammuna jingine a kowace ƙofa. Muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ɗari biyu da ko tafin hannu bai cika ba, da na yi ƙorafi mai suyar ta ce in kai ƙarar tsadar mai, ba ita ba. Taubashina ko kallon masu lodi bai yi ba. Yana jin kukan da motar ta yi ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka. Na ƙirga, bai yi kuskuren buhu ɗaya ba.

Gaskiya ya iya tuƙi. Ya san kowace gargada da kowane kwalbati, motar na bin hannunsa kamar tsohuwar akuyar gida. Har gyangyaɗi ya fara ɗaukata, sai muka iso wata babbar tsamiya. Ya rage giya, ya karkata zuwa ɗaya hannun, ya ce, "Ramin ga ya ci mani taya biyu." Ya danna ham sau biyu, ya ɗaga wa mai facin gindin tsamiyar hannu. Na leƙa. Babu rami, kwalta ce sumul. Babu mai faci kuma, sai tsohuwar taya rataye a reshe. Nakan bi hanyar a motar haya, na san tun kafin shuka aka cike ramin, mai facin ma ya tashi tunda abin da ke kawo masa ciniki ya tafi. Na yi dariya, a zatona tsokanata yake. Shi bai yi ba.

Kusa da Zakka dariyar ta ƙare. Amalanken shanu ne a gefen titi, an lafta masa kara, rana tsaka, muna nufarsa kai tsaye. Sai da na yi ihu ya taka birki, buhuna suka dako bayan kujerarmu. "Na gan shi," ya ce.

A Safana, ana sauke kaya, muka zauna cin shinkafa da wake da mai da yaji. Nan wani tsohon abokin aikinsa mai tabarau ya same mu. Bayan doguwar gaisuwa na tambaye shi yadda ake sabunta lasin babbar mota. Ya ce ajinsa daban da na ƙananan motoci, sai an kai takardar likita, a ɗauki hoto da zanen yatsa, a gwada ido. "Ba ruwansu da inda za ka, Malam. Motar da ka ɗauko a ke dubawa. Mutumin Zakka ma rai gare shi, kamar na Legas." Da aka ambaci gwajin ido, taubashina ya ajiye cokali, bai sake ɗauka ba.

Na gwada ta hanyar da na saba. Na ce ashe makaho na biyo, in nemo masa sanda. Ya ce makahon ya fi malamin da alli ya cinye wa basira, muka yi dariya. Wahalar taubashi ke nan, ko wuta ta kama rigarka ya faɗa maka, sai ka ce wasa ne.

Muka juyo da wuri, don kowa ya san hanyarmu ba ta son yamma. Da muka iso tsamiyar ya sake rage giya, ya kai hannu kan ham.

"Yaya, tsaya," na ce.

Rabon da in kira shi Yaya tun ban shiga makaranta ba. Ya tsaya. Muka sauka, na kai shi daidai wurin. Ya cire takalmi ya shafa kwaltar da tafin ƙafarsa, gaba da baya. Ya waiwaya gindin tsamiyar ya yi sallama. Shiru.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin shuka."

Ya mayar da takalminsa. "Wata biyar ke nan ina gaida taya," ya ce. Sannan ya faɗa mini tun bara yake ganin komai kamar cikin hayaƙi, da ka yake tuƙi, ba da ido ba. "In na tahi suka ce idon ya mutu fa?" Na ce wataƙila tabarau ne, wataƙila yanar ido ce a cire, Allah ne masani. Amma amalanken gobe zai iya zuwa da mutum a kai.

Sauran hanyar a hankali muka yi ta, ni ne idonsa: ga babur a dama, ga tumaki za su tsallaka. Muka shiga Batsari ana kiran la'asar. A zaure ya miƙa wa matarsa makullin ya ce a kai wa mai mota ya riƙe tukuna. Ta dube ni, ta karɓa.

A da na ɗauka lasin takarda ce kawai ta nuna wa jami'an hanya. Tafiyar nan ta koya mini amfaninsa: lokaci-lokaci a samu wanda ba ya jin kunyarka, ba ya kuma wasa da kai, ya duba idonka. Mu na gida, masu kunya sun yi shiru, ni mai wasa ba a yarda da ni ba.

Ban san abin da likita zai ce ba. Ranar Litinin dai za mu Katsina a motar haya, shi a kujerar fasinja. Ya ce in zauna kusa da shi, in riƙa faɗa masa abin da ya canza a hanya.